Kumburin Ƙafa Ɗaya a Gidanmu: Gado Ne ko Sammu?

TAMBAYA

  Ni malamar firamare ce a nan Gumel, amma asalin gidanmu wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar. Shekaruna 31, ina da yara uku, yanzu kuma ina da ciki wata shida.

Abin da yake hana ni barci shi ne wannan. Mahaifiyarmu ta rasu ina 'yar shekara tara, kwana goma sha biyu da haihuwar autanmu. Innata, ƙanwarta, wadda ta zauna mata jego, ta ce ƙafarta ta hagu ce ta kumbura tun kafin suna. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, aka yi ta shafa man shanu ana murzawa. Rannan da safe ta fito daga wanka sai ta dafe ƙirji ta ce numfashinta yana sarƙewa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

To, bara kuma sai ga yayana, wanda yake tuƙa tirelar shanu daga Maigatari zuwa Legas, ya dawo daga tafiya da ƙafa ɗaya a kumbure, ko takalmi ba ya shiga. Shekarunsa 36. Da aka kai shi Kano aka yi masa hoto, sai aka ce jini ne ya daskare a cikin jijiya. Har yanzu yana shan magani.

Dattawan gidanmu sun ce hannu aka sa mana, tunda ciwo iri ɗaya ba zai kama uwa ya dawo ya kama ɗa haka kawai ba. Ni kuwa zuciyata tana raya mini ko gadonsa ake yi. Likita, gado ne? Akwai gwajin da zai nuna ko ina da shi? Me zan yi in na haihu? 'Ya'yana fa?

Baiwar Allah, daga Gumel

AMSA

 Allah ya jiƙan mahaifiya, ya ba yayanki lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Dattawanku sun yi gaskiya a rabin magana: ciwo iri ɗaya ba ya kama uwa ya kama ɗa haka kawai. Inda za mu rabu da su shi ne wurin neman dalili. Sun duba waje, suna neman wanda ya sa hannu. Ni kuma zan roƙe ki ki duba cikin gida, cikin jinin da kuka haɗa. Labarin da innarki ta ba ki, duk likitan da ya ji shi, abin da zai fara zuwa masa shi ne gudan jini ya kafu a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya tafi huhu. Shi ne kuma abin da hoto ya nuna a ƙafar yayanki, sai dai shi an tare shi kafin ya tashi.

Yadda jini ke daskarewa inda bai kamata ba

Kin sha ganin yankan ragon layya. Jinin da ya zuba a ƙasa, kafin a gama fiɗa ya zama guda, baƙi-baƙi kamar hanta. Wannan baiwa ce. Da babu ita, ƙaramin yankan wuƙa a madafi zai iya kai mutum kushewa. A cikin jini akwai sinadaran da aikinsu su ɗaure shi in an ji rauni, akwai kuma waɗanda aikinsu su ja musu birki kada ɗaurin ya wuce wurin raunin. Lafiya ita ce ma'aunin ya tsaya daidai.

Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, amma jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu fitar da jini daga zuciya da ƙarfin bugunta. Toshewarsu ce ke kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wannan wani babi ne daban. Akwai kuma masu mayar da jini zuwa zuciya, su ne maganarmu. Jinin da ya sauka tafin ƙafa dole ya hau sama, kuma can babu zuciyar da za ta tura shi. Abin da ke tura shi naman sha-raɓa ne. Duk takun da kika yi, naman yana matse jijiyar da ke cikinsa kamar yadda ake danna tuƙa-tuƙa, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar kuma suna hana jinin komawa ƙasa. In aka daina danna famfo, ruwa ya tsaya. In ƙafa ta daɗe ba ta motsa ba, jini ya kwanta, kwantaccen jini kuwa shi ne mai saurin zama guda.

Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ne a tsakiyar ƙarni na 19 ya nuna cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci daga jijiyoyin ƙafa yake tasowa. Da sunansa ake kiran dalilai ukun da ɗaliban likitanci ke haddacewa har gobe: jini ya kwanta, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi kansa jinin ya zama mai saurin ɗauri. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, aka zaɓa tun 2014 a matsayin ranar wayar da kai kan wannan ciwo a duniya. A katin asibiti za ki ga an rubuta DVT in gudan yana ƙafa, PE kuma in ya kai huhu.

Abin da ake gada

Dalili na uku, saurin ɗaurin jini, a nan gado yake shigowa. A 1965 wani likita a ƙasar Nowe, Olav Egeberg, ya bi diddigin wani dangi da ciwon ya yi ta kama mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya gano suna da ƙarancin wani birkin jini mai suna antitrombin. A 1981 aka gano dangogi masu ƙarancin furotin C, a 1984 masu ƙarancin furotin S. A 1994 masana a birnin Leiden na ƙasar Holan suka gano wata tawaya a ƙwayar halitta da ke sa ɗaya daga sinadaran ɗauri ya ƙi jin birki, aka raɗa mata sunan birnin. Bayan shekara biyu, a can ɗin dai, aka sake gano wata.

Irin wannan gado yakan zo ne ta ɓangare ɗaya. In uwa ko uba yana da tawayar, kowane ɗa rabi da rabi ne: ko ya ɗauka ko ya tsira. Saboda haka ana iya samun 'yan ɗaki ɗaya, wannan yana da ita, wancan ba shi da ita. A gidan da ake yawan auren zumunci kuma, yaro na iya ɗaukowa ta uwa da ta uba gaba ɗaya, a nan abin yakan fi tsanani, kodayake ba kasafai ake ganin haka ba.

Amma ki lura da wani abu, domin shi zai hana ki zubar da kuɗi a banza. Tawayar Leiden ɗin nan da ta fi shahara, wadda kusan mutum 5 cikin 100 na Turawa ke ɗauke da ita, da wuya a same ta a jikin baƙar fatar Afirka. Haka ma 'yar'uwarta ta 1996. Gwaje-gwajen da aka fi tallatawa an gina su ne a kan dangogin Turai. Mu namu abubuwan daban ne. Na farko sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma binciken da aka yi a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna mai AS ya kusan ninka mai AA haɗarin gudan jini a huhu; mai SS kuwa haɗarinsa ya fi haka nesa. Na biyu, akwai wani sinadarin ɗauri, na takwas a lissafin likitoci, da yakan yi yawa a jinin baƙar fata, kuma yawansa yana bin dangi. Na uku rukunin jini: masu A da B da AB sun ɗan fi masu O saurin ɗauri.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ki riƙe. A 2009 masanan Leiden suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan dubban mutane. Suka ga wanda uwarsa, ko ubansa, ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya taɓa yin wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka biyu. In mutum fiye da ɗaya ne a gidan, yakan kai ninki huɗu. Kuma abin mamaki, a yawancin irin waɗannan gidaje an gwada jini ba a ga ko ɗaya daga tawayoyin da aka sani ba, amma haɗarin yana nan. Ma'ana labarin gida yana ganin abin da na'ura ba ta kai ga gani ba tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasiƙar nan da kika rubuto, Malama, ita ce gwajinki na farko, kuma ta riga ta ba da sakamako: mutum biyu na kusa, dukansu ba su kai hamsin ba, ɗaya kuma a jego.

Kada kalmar ninki ta firgita ki. A ƙasashen da ake ƙidaya abin sosai, mutum 1 zuwa 2 cikin 1,000 ne ke kamuwa a shekara, a cikin masu ciki ma lissafin bai wuce 1 zuwa 2 a kowane ciki 1,000 ba. Ko an ninka wannan sau huɗu, mafi yawan mata masu tarihi irin naki suna haihuwa su gama arba'in lafiya lau, kamar yadda kika yi sau uku. Gadon nan kamar tarin karan gero ne a bayan gida. Yana iya shekara da shekaru ba abin da ya same shi, sai ran da aka yar da garwashi kusa da shi. Aikinmu shi ne mu san garwashin.

Garwashin da ya sami yayanki

Daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Direba yana zaune gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera yana danne bayan cinyarsa, yini da kwana. Yawancinsu kuma da gangan suke rage shan ruwa don kada fitsari ya riƙa tsayar da su, ga zafin inji, ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a yankinku. Sai goro da shayi da sigari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zama wuri ɗaya a tafiyar da ta wuce awa huɗu yana ninka haɗarin. Ki auna da wanda tafiyar ce sana'arsa, ga kuma gado a jini.

Ba direbobi kaɗai ba. 'Yan kasuwar da ke cunkushe a bayan mota, da maniyyatan da ke tashi daga Dutse zuwa Saudiyya su yi awa huɗu zuwa biyar a kujerar jirgi bayan doguwar jira a sansani, da wanda ya karye aka kai shi gidan mai ɗori ya yi wata guda ƙafa a ɗaure da karare, da wanda aka yi wa tiyata, da tsohon da ciwo ya kwantar, da mai ciwon daji, da mai ƙiba sosai, duk layi ɗaya suke. Maganin kuwa mai araha ne. A tsaya duk bayan awa biyu a taka ƙasa. Direban da ke tsayawa ya yi alwala ya yi sallah a kan lokaci ya riga ya danna famfon ƙafarsa sau da dama a yini. In ba halin tsayawa, a riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama ana sauke su, ana juya idon sawu. A sha ruwa, ko da zai jawo tsayawa.

Garwashin da ke gabanki

Ciki da kansa yana ƙara wa jini saurin ɗauri, hikimar ita ce kada mace ta zubar da jini ya ƙare wurin haihuwa. Ga kuma mahaifa ta yi nauyi ta danne manyan jijiyoyin ƙugu. Shi ya sa haɗarin mai ciki ya ninka na sauran mata sau huɗu zuwa biyar. Ƙafar hagu ta fi kamuwa, domin a ƙugu wata babbar jijiya ta gitta ta kan jijiyar da ke kwaso jinin ƙafar hagu, tana ɗan matse ta. Kin ga har wannan ya yi daidai da labarin mahaifiya.

Lokacin da ya fi kowanne haɗari kuwa shi ne makonni shida na bayan haihuwa. Lissafa ki gani: kwana arba'in ɗinmu ke nan, da ɗoriyar kwana biyu. Lokacin da al'ada ta ce mai jego ta zauna a ɗaki, a kawo mata komai har bakin gado, ta yi wankan ruwan zafi safe da yamma ta yi ta zuba gumi. Kulawar da ake yi wa mai jego abin alfahari ce, ba na cewa a bari. Gyara kaɗan ake so. Ki tashi ki taka tun ranar da kika haihu, ko da daga gado zuwa bakin ƙofa ne. Kowace awa ɗaya ko biyu da rana ki zaga tsakar gida. Kada ki daɗe zaune a kan kujera 'yar tsugunno ƙafa a naɗe kina karɓar 'yan barka. Ki ajiye ruwan sha kusa da ke, duk gumin da wanka ya fitar ki mayar da shi. In aka yi miki aiki aka ciro yaron, haɗarin ya ƙaru, tashi da wuri ya ƙara zama dole.

Yanzu ga abin da za ki yi tun kafin ranar. A awonki na gaba, kada ki jira a tambaye ki, domin layi yana da tsawo, ma'aikaciya kuma tana sauri. Ki ce mata: "Mahaifiyata ta rasu a jego da kumburin ƙafa ɗaya da sarƙewar numfashi, yayana kuma an tabbatar masa da daskarewar jini a jijiya yana shekara 36. Ina so a rubuta a katina, ina kuma so in ga likita." Ki tafi da takardar asibitin yayanki ko hotonta a waya. Likita zai haɗa wannan da shekarunki, da nauyinki, da yawan haihuwarki, da yadda haihuwar ta zo, ya yanke ko kina buƙatar allurar kariya. Allurar hefarin ce, wadda aka fi sani da sunan Clexane, ana yin ta a ƙarƙashin fata sau ɗaya a rana, wasu kwana goma bayan haihuwa, wasu mako shida. Ba ta ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki, ba ta kuma hana shayarwa. Kada ki saya da kanki a kemis, domin awonta da nauyin jiki ake yi, kuma akwai lokacin da ake dakatar da ita in naƙuda ta kusa. Wannan haihuwar kuma a asibiti za ki yi ta. Babban Asibitin Gumel yana kusa da ke, in ana buƙatar ƙarin bincike su tura ki Dutse, ko Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda akwai likitocin jini.

Alamomin da ba a kwana da su

Ki koya wa maigidanki da wadda za ta zauna miki jego waɗannan, domin ranar da abin zai faru mai yiwuwa ba ke za ki yi magana ba. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi. Sha-raɓa ko cinya tana ciwo kamar an ɗaure, musamman in an taka. Wurin ya yi ɗumi, fatar ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu. In kina shakka, ki sami zare ko tef ɗin tela ki auna kaurin sha-raɓa biyun a wuri ɗaya. In bambancin ya kai faɗin yatsu biyu, asibiti ranar nan. Can za a yi sikanin na jijiya, irin na'urar da ake duba ciki da ita ce, ba zafi ba yanka.

Kada a murza, kada a yi tausa, kada a kira wanzami. Ƙaho jinin fata yake zuƙowa, baƙin gudan da ake nuna wa mutane a cikin ƙahon a nan waje ya daskare. Gudan da ke kashewa yana can cikin nama inda aska ba ta kaiwa, kuma kowace rana da aka ɓata ana ƙaho yana ƙara tsawo ne. Murza kuma tana iya ɓalle shi.

In kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke in an ja numfashi, ko zuciya ta riƙa dukan uku-uku ba dalili, ko tari ya zo da jini, ko jiri ya kayar da mutum, to ba a jiran gari ya waye. Ku ajiye lambar mai mota tun yanzu, da kuɗin mai a gefe. A asibiti kuma ki faɗi tarihinki da bakinki. Shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka, Serena Williams, ta yi gudan jini a huhu a 2011. Da ta haihu a 2017 ta ji numfashinta ya canza, ita ta dage wa ma'aikata a yi mata hoton huhu, aka kuwa tarar da gudaje. Sanin tarihinta ne ya sa ta yi magana da wuri.

Ba kowane kumburi ne wannan ciwo ba. Ƙafa biyu su ɗan tasa da yamma a ƙarshen ciki, su saɓe da safe, wannan an saba. Kumburin da ya haɗa da fuska da hannu da ciwon kai, a auna hawan jini nan take, jijjiga yake nunawa. Mai jegon da ƙafafunta biyu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, sau da yawa ciwon zuciyar jego ne, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Tundurmi kuma a hankali yake zuwa, cikin shekaru. Duk dai asibiti ne mai rarrabewa.

Batun gwaji, da yayanki, da 'ya'yanki

Gwajin gadon yana nan, a manyan asibitocin koyarwa, kuma yana da tsada. Amma yanzu ba lokacinsa ba ne a gare ki, domin ciki da kansa yana rage furotin S, sai sakamako ya nuna tawayar da babu ita. A ƙa'ida ma wanda ciwon ya kama ake fara gwadawa, wato yayanki, shi ma ba yana tsakiyar shan magani ba, tunda maganin yana rikita awon. In an sami wani abu a jininsa, sai a neme shi a naki. In ba a samu ba, tarihin gidanku bai goge ba, duk matakan da na lissafa suna nan. Abin da za ki iya yi gobe da kuɗi kaɗan shi ne ki tabbatar ko ke AA ce ko AS, in ba ki riga kin sani ba.

Shi kuma yayanki, ki gaya masa kada ya ajiye magani don ƙafa ta saɓe. Mafi ƙarancin lokacin sha wata uku ne, likita ne kuma zai ce a tsaya ko a zarce, musamman ga mai tarihi da sana'a irin tasa. In wafarin yake sha, sai da awon jini a kai a kai, kuma ganye irin su alayyafo da zogale suna rage masa ƙarfi; ba a hana shi ci ba, amma kada ya yi mako bai taɓa ba sannan ya wayi gari ya cinye kwano guda na kwaɗo. Sababbin magunguna irin su rivaroxaban ba sa buƙatar wannan awo, sai dai sun fi tsada. Ko wanne yake sha, ya nisanci magungunan ciwon jiki da direbobi ke saya a tasha, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin haɗuwarsu tana jawo zubar jini. Mai ciki kuwa ba ta shan wafarin, yana illata ɗan tayi, don haka ko da wasa kada ki taɓa nasa.

Bayan arba'in, in kun yi shawarar ba da tazara, ki sake faɗin tarihin nan kafin a miƙo miki komai. Ƙwayar sha ta yau da kullum mai haɗin sinadari biyu tana ninka haɗarin gudan jini, mace irinki an fi so ta kauce mata. Ashanar da ake sawa a dantse da robar mahaifa ba su da wannan matsala.

Yaranki kuma ki bar su su yi wasansu. Ciwon nan da wuya ya taɓa yaro, ba a kuma saba gwada ƙanana ba. Abin da suke buƙata daga gare ki labari ne, in sun girma: 'yan matan kafin aure da ciki na fari, mazan kafin tiyata ko sana'ar doguwar tafiya.

A nan ne muke da rauni a ƙasar Hausa. Mutumin Gumel zai iya jero miki sarakunan Lautai, ya gaya miki daga inda kakan kakansa ya taso da wanda ya haƙa rijiyar ƙauyensu. Amma tambaye shi me ya kashe kakarsa, sai ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ne ya ƙare, sai dai ajali yana da sababi, sanin sababin kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Muna binne mamaci a ranar, sanarwa ta ce bayan gajeriyar rashin lafiya, kunya da kawaici su rufe sauran. Da innarki ba ta buɗe baki ba, da yau ba ki da abin da za ki kai wa likita.

Saboda haka ga aikin gida, Malama, tunda ke kin saba ba yara. Ki sami littafin rubutu sabo, ki je wurin innarki a ƙarshen makon nan tun tana da ƙarfin tunawa. Ki tambaye ta mutanen ɗakinsu ɗaya bayan ɗaya: wa ya taɓa kumburin ƙafa ɗaya, yana shekara nawa, bayan haihuwa ne ko karaya ko tafiya, wace ce ta rasu a jego, wa ya faɗi farat ɗaya yana da ƙuruciya, wace ce ta yi ta ɓari. Ki yi wa dangin uba haka. Ki kwafe shafin ki ba kowane ɗan ɗakinku, har autan da aka bari yana kwana goma sha biyu, domin shi ma jinin nan ne a jikinsa. Ɗaya kwafin kuma ki maƙala shi a cikin katin awonki.

Allah ya raba lafiya, ya sa ki rubuto mana bayan arba'in da labarin suna.